Yadda Addinin Wuƙa Ya Koro Ni Daga Riyad

Tun da na dawo daga Riyad ban huta da tambaya ba. Da na zauna a majalisarmu ta bakin tasha a nan Funtuwa sai wani ya ce, "Sabi'u, kai da ka tafi aikin shekara biyu, me ya dawo da kai tun shekara ba ta zagayo ba?" Wasu sun ce zafi ne ya koro ni, sai ka ce a Funtuwa ƙanƙara ke sauka. Wasu sun ce kewar matata ce. Akwai ma wanda ya rantse wai sata na yi, to in sata na yi ai da kun gan ni da hannu ɗaya. Na gaji da ba da labarin gutsi-gutsi, shi ya sa na zauna in rubuta shi tun daga tushe.

Aikin tuƙi ne ya kai ni. A lokacin ba a ba mata izinin tuƙi a Saudiyya ba tukuna, saboda haka direbobi suna da kasuwa. Daga Kano muka tashi, muka ya da zango a Alƙahira, inda muka yi zaman jiran jirgi har ƙafafuna suka kumbura. Kusa da ni akwai wani dattijo ɗan Hadeja da zai je wurin ɗansa, duk wanda ya gifta da kayan sarki sai ya miƙe ya nuna masa fasfo, har mai shara. Na yi ta yi masa dariya, ban san tawa tana gaba ba.

A filin jirgin Riyad aka ɗauki hoton yatsunmu, sannan 'yan kwastan suka buɗe jakata. Matata ta ƙulla mini yaji da kuka da daddawa. Jami'in ya kwance ƙullin daddawa ya kai hanci, sai ya yi baya kamar an mare shi. "Esh haza?" ya ce, wato mene ne wannan. Larabcina na makarantar allo ya gudu ya bar ni, sai na yi ta kwatanta loma da hannu. Ya ɗauki kukar, ya murza koren garin a yatsa, ya dube ni, ya sake duban garin, ya kira abokinsa. Daga ƙarshe suka jefa daddawar a shara suka bar mini sauran. Irin kallon da suka yi mini bai yi mini daɗi ba, amma ban gane ma'anarsa ba a ranar.

Kamfanin da ya ɗauke ni yana jigilar ma'aikatan asibiti ne. Manajan wani Basudane ne, Usman, mai faɗa da murmushi. Ya karɓe fasfona, daga baya ya ba ni igama, katin izinin zama wanda in babu shi a aljihunka ko shagon burodi kada ka je. Masauki kuwa a Manfuha aka ba ni, tsohuwar unguwa ta talakawa da baƙi, a wani ɗaki da muka cika shi da katifu har ba wurin taka ƙafa. Babban ɗakin shi ne Baba Tanko, mutumin Maraɗi, wanda ya tsufa a ƙasar yana tuƙin motar ruwa.

Asubar farko na makara, na tashi gari ya waye. Na leƙa taga na ga inda rana ke fitowa, na shimfiɗa darduma na dubi gabas kamar yadda na saba tun ina yaro, na ta da kabbara. Ina sallamewa na tarar Baba Tanko yana riƙe da ciki.

"Ɗiyana, Makka hwa tana bayanka! Nan yamma muka dubawa. Ka zo ƙasa mai tsarki ka juya ma Ka'aba ƙeya."

Kunya ta kama ni, na juya na sake. Gaskiyar masu magana, baƙo ko da ido makaho ne.

Abinci bai ba ni wahala ba. Da safe ful da tamis, wato dafaffen wake da wani faffaɗan burodi mai zafi da 'yan Afganistan ke gasawa. Ranar Juma'a kabsa, shinkafa da kaza a babban faranti, kowa ya sa hannu kamar a gida, sai dai babu yaji, nawa kuwa bai yi sati biyu ba 'yan ɗaki suka ga bayansa. Abin da ya burge ni shi ne rufe shaguna da an kira salla. Abin da ya ba ni tsoro kuwa shi ne nasihar Baba Tanko. Ya ce a ƙasar nan laifin sihiri yana iya kai mutum ga takobi, kuma baƙar fata irina shi ake fara zargi. A nan na fahimci kallon 'yan kwastan.

Aka haɗa ni da wata Baturiya 'yar Ingila, babbar nas, in kai ta asibiti in dawo da ita gidajen ma'aikata. Ranar farko ta ce sunanta Karen. Na ce a raina, karen wa? Bakina bai iya kiran babbar mace da wannan suna ba, sai na tsaya a Madam. Za ta yi sa'ar babbar yayata, ga fara'a, ga tambayar iyali. Da Turancina na sakandare muke hira. Ni dai tun farko kirkin ya yi mini yawa, don ruwa ba ya tsami banza.

Sayayyarta ce ta fara tsaya mini a rai. In muka je kasuwar kayan gwari ta Aziziya, mutane na sayen tumatir da lemo, ita ganyaye take bi tana shinshinawa, irin waɗanda ba na miya ba. Sai gishiri mai tsakuwa, sai lubban, sai kyandir kala-kala. Ku duba mini, jama'a. Ƙasar da tun da na zo ban ga an ɗauke wuta ko na ƙiftawar ido ba, me mutum zai yi da kyandir? Na ce da walakin, goro a miya.

Wata rana da yamma, wata ya cika, ta ce in kai ta bayan gari ta sha iska. Magariba ta same mu a can, na koma gefe na yi salla. Da na sallame sai na hango ta tsaye a kan rairayi ba takalmi, ta ɗaga hannu biyu tana fuskantar watan da ke fitowa, bakinta na motsi. Wata sarƙa da kullum ke ɓoye cikin abayarta ta fito fili, tauraro ne a cikin da'ira.

A hanyar dawowa na daure na ce, "Madam, salla kika yi?"

Ta dube ni ta madubi. Ta ce, "Irin tamu."

"Ke ba Kirista ba ce?"

"A takarda kawai. Zan gaya maka don na ga kai mai ibada ne, amma ya tsaya tsakaninmu." Sai ta faɗi sunan addinin.

Ni dai abin da kunnena ya ji shi ne wuƙa. Saura kaɗan in hau kan dakalin titi.

Bai tsaya tsakaninmu ba. Ranar Juma'a, muna kan farantin kabsa, na fasa ƙwai. Baba Tanko ya tsame hannu daga abinci.

"Mi tac ce? Wuƙa? Inna lillahi! Ƙungiyar asiri ta, ɗiyana. Kiwonka takai. Ran da watan nan ya sake cika, kai na ragon."

Akwai wani ɗalibi ɗan Bauci, Malam Nuhu, da ke karatun shari'a a jami'a, yakan zo cin abinci wurinmu duk Juma'a. Ya ce in maimaita kalmar yadda ta faɗe ta. Ya ɗan latsa wayarsa, sai ya yi dariya.

"Ba wuƙa ba ce, Sabi'u, Wika ake cewa. Wani addini ne da ya ɓullo a Ingila ba da daɗewa ba. Suna girmama wata da ƙasa da sauyin yanayi, suna da abin bauta mace da namiji. A ƙasashensu hukuma ta san da su."

Baba Tanko ya ce, "Malam, kai da karatunka kaka kiran wanga abu addini?"

"Baba, kiran abu addini ba shi ne cewa gaskiya ne ba. A wurinmu shirka ce, babu ja. Amma Maguzawan garinku ma ai abin da suke yi addininsu ne, ba ƙungiyar asiri ba."

"To in ba asiri ba, don mi taka ɓoyo?"

"A garin nan 'yan Filifin ma a ɗaki suke rufe ƙofa su yi addu'ar Lahadi. Su ma matsafa ne?"

Baba Tanko dai bai sauka ba. Ni kuma zuciyata ta fi karkata gare shi, don Malam Nuhu a waya ya karanta, ni kuwa da idona na gani. Kafin Malam Nuhu ya tafi ya ja ni gefe ya ce ko mene ne, kada kalmar ta sake fita daga bakina a wajen ɗakin nan. A cikin ɗakin kuwa sunan ya riga ya bi ta. In na dawo aiki sai ka ji, "Ya Madam mai addinin wuƙa? Yau ma ba ta yanka ka ba?"

Na shiga yi mata tambayoyi cikin dabara, irin na ɗan sandan ciki. Wane ne shugabanku? Ta ce ita ba ta da shugaba, wasu suna taruwa 'yan kaɗan, ita kuwa ita kaɗai take abinta. Ana rantsar da mutum kafin ya shiga? Ta ce wasu suna yi, ita ba ta yi ba. In mutum ya fita, me za a yi masa? Ta ce sai dai a daina ganinsa. Kuna yanka? Ta ƙyalƙyale da dariya ta ce ita ko nama ba ta ci. Ta ce ƙa'idarsu ita ce kada ka cuci kowa, kuma abin da ka aika wa wani zai dawo maka. Duk amsar da ta ba ni mai kyau ce, kuma kyan nata ne ya ƙara dame ni, don wane matsafi ne zai ce maka shi matsafi ne? Na tuna wata 'yar bori a unguwarmu da muna yara, ita ma turare da fara'a gare ta, amma iyayenmu ba sa bari mu ci abincin gidanta. Da na yi tari, Madam ta kawo mini shayin ganye a gora. Na yi godiya, na zubar a kwata.

Ana haka, wata safiya ta fito da ƙaramar baƙar jaka. Ta ce za a zagaya duba ɗakunan ma'aikata a makon nan, in ajiye mata a but ɗin mota har a gama. Ina sauke ta a asibiti na sami gefen hanya na zuge jakar. Kyandirori, gishiri, busassun ganye, ƙaramin kofi, sarƙar nan mai tauraro. A ƙasa kuma, naɗe cikin ƙyalle, ga wuƙa mai baƙin ƙota.

Da yamma na kasa haƙuri na ce mata na ga wuƙa. Ranta ya ɗan ɓaci don na buɗe, amma ta ce ba a yanka komai da ita, ko kaifi ba ta da shi, nuni kawai ake yi da ita a iska lokacin addu'a. Na ce to. A raina kuwa na ce, wadda ba ta cin nama, me ya haɗa ta da wuƙa? Biri ya yi kama da mutum.

Baba Tanko da ya ji, ko takalmi bai tsaya sawa daidai ba. Ya ja ni unguwar Al-Ud, bayan babbar maƙabarta, wurin wani mutumin ƙasarmu da ke ɗinkin jallabiya a fili, yana taimako a ɓoye. Ya rubuta mini laya ta tsari, ya naɗe, ya ɗinke cikin fata, ya ce in ɗaura a damtse. Ban ga komai a ciki ba. Wa ya girma a ƙasar Hausa ba a taɓa rataya masa laya ba? Ban gaya wa Malam Nuhu ba, don na san wa'azi zai yi mini. Na ɗaura, hankalina ya kwanta.

A lokacin ana yawan kafa shingen bincike saboda marasa igama. Na sha wucewa lafiya, amma tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Da hantsi, ni kaɗai a mota, aka tsayar da ni. Na miƙa hannu ta taga da igama, hannun rigata ya zame, layar ta leƙo. Jami'in ya kama damtsena. Ya ce in fito, in buɗe but.

Da ya zazzage jakar a kan murfin mota, na ga fuskarsa ta canza. Baƙar fata, laya a hannu, ga kyandir, ga tauraro, ga wuƙa. Ko ni ne shi, abin da zan ce ke nan. "Sahir!" ya ce, wato mai sihiri. Takobin da Baba Tanko ya faɗa ya tsaya mini a ido. Na shiga rantsuwa da guntun Larabcina cewa kayan Madam ne, ba nawa ba, na addininta ne. Ya ce wane addini? Wallahi kalmar da Malam Nuhu ya gyara mini ta ɓace, wadda muke tsokana da ita a ɗaki ita ta zo bakina, na kuma fassara masa ita da Larabci don ya gane da kyau. Na ce, "Din sikkin." Addinin wuƙa.

Garin gyaran gira na rasa ido. Aka wuce da ni wani ofishi da ke kula da irin wannan magana, aka kulle. Kwanakin da na yi a can ba na son tuna su. Ba wanda ya taɓa ni. Ina ta tunanin wa zai gaya wa mahaifiyata, kuma da wane baki.

Ranar da aka fito da ni don bincike, na tarar da Usman manaja, da tafinta, da wani jami'i mai gemu a bayan tebur. An baje kayan jakar, gefe guda ga layata an farke ta. Sai ga Madam an shigo da ita, ta rufe kanta ruf, abin da ban taɓa ganin ta yi ba.

Jami'in ya fara da ni. Ya buɗe takardar layar, ya nuna ayoyin, ya ce wannan maganar Allah ce. Sannan ya ɗora yatsa a kan hatimin da ke ƙasa, gidaje-gidaje da lambobi da wasu sunaye, ya ce wannan fa? Na ce ban sani ba. Ya ce ka rataya abin da ba ka sani ba, kana neman tsari da shi? Na sunkuyar da kai. Da ya tambayi wanda ya rubuta, na ce daga gida na zo da ita.

Ya juya ga Madam. Ya ce direbanki ya ce kina da wani addini na wuƙa.

Ta ce, "Ni Kirista ce, yana cikin igamata."

"Kayan nan fa?"

"Kyandir na ƙamshin ɗaki ne. Gishiri da ganye na wanka ne. Wuƙar ta ado ce, ku taɓa ku ji. Sarƙar kyauta ce."

"Babu wani addini?"

Ni kaɗai na ga yadda hannunta ya damƙe gefen kujera. Ta ce, "Babu. Direban bai ji Turanci da kyau ba."

Jami'in ya gwada wuƙar a bayan hannunsa, ko gashi ba ta aske ba. Wannan magana tata ita ta kwance ni, don in kayan na ado ne, abin da ya rage a kaina jahilci ne kawai. Aka yi mini doguwar nasiha, na yi alkawarin ba zan sake ba. Amma kamfani ba ya son abin da zai ja masa ido. Usman ya ce, da murmushin nan nasa, an yi mana bizar fita ba dawowa, ni da ita duka.

A ɗaki Baba Tanko bai sauya ba, ya ce asirinta ne ya makantar da su, layar ce ma ta sa na fito da rai. Malam Nuhu ya ce mu biyun duk Allah ya shirye mu. Ni kuwa har yau in ka ce in rantse a kan abin da sauran 'yan Wika ke yi a ƙasarsu, ba zan rantse ba, ban gani ba. Hanyarsu ba tawa ba ce, ba na kuma fatan ɗana ya bi ta. Amma ƙungiyar asiri da na sani tana da uban gida, tana da masu tsaya wa nata in ya shiga uku. Wannan mata babu wanda ya zo mata.

Ranar da na je ofishin kamfani karɓar fasfo na same ta zaune a baranda da akwatunanta, wani direba na jiran ta. Na so in zame, ta kira sunana. Na je na tsaya, na rasa inda zan sa idona.

Ta ce, "Shekarata shida a ƙasar nan, kai kaɗai na gaya wa."

Na ce, "Ki yi haƙuri, Madam. Tsoro ne."

"Tsoron su, ko tsorona?"

Ban iya yi mata ƙarya ba. Na ce, "Naki ne ya fara."

"Abin da ka ɗaura a hannu, don ni ka ɗaura?"

Na ce e.

Ta gyaɗa kai a hankali. Ta ce, "Ranar da aka ce kai ne direbana, abokan aikina sun ce in nemi a canza mini. Wai 'yan Afirka matsafa ne, kada in bar ko silin gashina a motarka. Har faɗa na yi da su a kanka."

Na buɗe baki in ce mata laya ba tsafi ba ce, addu'a ce irin tamu, ba a cutar da kowa da ita. Sai na ji ashe maganar da zan yi ita ce wadda ta yi ta yi mini a mota wata da watanni ban saurara ba. Na rufe bakina. Na sunkuya zan ɗaukar mata akwati, ta ce in bar shi, za ta iya.